Na yi rashin mahaifiyata, ga biki ya ƙarato, aikina kuma tarbar jama'a ne: yaya zan yi?

Tambaya: Mahaifiyata ta rasu wata huɗu da suka wuce. Ina aiki a sashen kula da abokan ciniki, rabin yini a kanta, rabi a kan waya. Yanzu lokacin bukukuwa ya gabato, aiki ya ninka, an kuma umarce mu da mu tarbi kowa da fara'a muna yi masa barka. Ina yi, amma ji nake kamar munafunci nake yi wa mutane, wani lokacin ma kamar amanar mahaifiyata nake ci. In na koma gida ba ni da sauran ƙarfi. Yaya zan riƙe aikina tsakani da Allah ba tare da fuskata tana ƙarya ba?

Amsa: Da farko ina yi miki ta'aziyya, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske makwancinta, ke kuma ya ba ki haƙurin rashinta. Wata huɗu a rashin uwa ai jiya-jiya ne. Na shafe shekaru ina zama da ma'aikatan da sana'arsu tarbar jama'a ce, masu tsayuwa a kanta da masu amsa waya da masu karɓar ƙorafi, kuma kalmar nan da kika faɗa, munafunci, na sha jin ta daga bakin waɗanda suka yi rashi. Daga nan zan fara, don a ganina nan ƙullin yake.

Kin ɗaure abu biyu da igiya ɗaya, fara'a da gaskiya. A lissafinki, ma'aikaciyar kirki ita ce wadda ranta ke fari da zuwan kwastoma, tunda kuwa naki ran ba fari yake ba, duk abin da kika yi masa yaudara ce. To, ki tsaya ki duba abin da ya kawo mutum gabanki. An cire masa kuɗi sau biyu, ko kayan da ya saya sun iso a fashe, ko an aiko masa da takarda ya kasa gane kanta. Yana so a saurare shi har ya kai aya, a gane ainihin abin da ke damunsa, a gaya masa abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, a cika alkawarin da aka yi masa, kada kuma a wulaƙanta shi. A cikin waɗannan, wanne ne mai alhini ba zai iya yi da zuciya ɗaya ba? Babu ko ɗaya. Gaskiyar hidima tana cikin hankalin da kika ba mutum da amanar da kika riƙe masa. Kwastoma yana da haƙƙin wannan a kanki. Farin cikinki kuwa ba ya cikin abin da ya biya.

Amma gajiyar da kike ji gaskiya ce, kuma an san dalilinta. A 1983 wata masaniyar zamantakewa 'yar Amurka, Arlie Hochschild, ta fitar da littafi mai suna The Managed Heart bayan ta bibiyi ma'aikatan cikin jirgin sama na kamfanin Delta da kuma masu bin bashi. Ita ta sa wa abin suna, ko da yake ma'aikata sun daɗe da saninsa a jikinsu: sarrafa fuska da murya don wani ya ji daɗi aiki ne mai cin ƙarfi, kuma yana cikin abin da albashi ke saye ko ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki ba. Ta raba shi gida biyu. Akwai wanda fuska kaɗai ake gyarawa, ta ciki na ciki, wato abin da muke kira yaƙe. Akwai kuma wanda mutum ke lallaɓa zuciyarsa har ta ji wani abu na gaske game da wanda ke gabansa, sannan fuska ta biyo baya. Da Ute Hülsheger da Anna Schewe suka tattara sakamakon bincike masu yawa a 2011, sun ga yaƙen ne ke tafe da gajiyar rai da gundura da aiki. Na biyun bai nuna irin wannan ɓarna ba.

Masanin halayyar ɗan'adam James Gross da abokan aikinsa sun bi ta wata hanyar. Tun daga 1993 suke nuna wa mutane hotunan bidiyo masu tayar da hankali, su ce wa wasu daga ciki kada fuskarsu ta nuna komai. Waɗanda suka danne ɗin, abin da suke ji bai ragu ba, sai ma jikinsu da ya ƙara nuna alamun tashin hankali. Daga baya aka gano cewa mai dannewa ya fi saurin manta abin da ya gani ko ya ji a lokacin da yake dannewar, domin rabin hankalinsa yana gadin fuskarsa. A wani gwajin na 2003 ma, hawan jinin abokin hirar mai dannewa shi ma ya ɗaga, alhali bai san me ake ciki ba. Idan kwanan nan kin lura kina sa mutum ya maimaita lambarsa sau biyu, ko kin ajiye waya kin manta abin da kika ce za ki yi, to ga inda hankalin yake tafiya. Aiki biyu kike yi a kujera ɗaya, kuma wanda ba a gani ya fi cin ƙarfi.

Shin kwastoma ma yana amfana da yaƙen? Ba sosai ba. A 2006 Thorsten Hennig-Thurau da abokan bincikensa suka shirya haɗuwar gwaji tsakanin ma'aikata da kwastomomi, 'yan wasan kwaikwayo ne a matsayin ma'aikatan. Abin da ya taɓa ran kwastoma shi ne ko abin da ke fuskar ma'aikaci na gaske ne, yawan murmushin bai yi wannan tasirin ba. Dama an ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mutane suna gane haƙoran da aka buɗe bisa umarni, ko da ba za su iya faɗin yadda suka gane ba. Ni dai, da ina da iko a kan masu rubuta wa ma'aikata ƙa'idar tarbar baƙi, da na soke layin nan na "a yi murmushi koyaushe" na sa "a dubi mutum a saurare shi".

Saboda haka kada ki wahalar da kanki wajen ƙirƙiro murna. Ba za ta zo ba a yanzu, kuma ƙoƙarin jawo ta shi ke yashe ki. Akwai abin da ya fi ta kusa da ke, wato tausayi. Mai rashi ba ya rasa tausayi, sau da yawa ma ƙaruwa yake yi. Kafin mutum ya ƙaraso gabanki, ko kafin ki ɗaga waya, ki ce a ranki: wannan yana da abin da ke damunsa, bari in ga ko zan sauƙaƙa masa. Wannan niyyar gaskiya ce ɗari bisa ɗari, kuma tana fitowa a murya. Sakin fuska daban, washe baki daban. Shimfiɗar fuskar da aka ce ta fi ta tabarma, natsuwa ce da nuna wa mutum cewa an san da zuwansa, kuma kina iya ta ko da idonki bai gama bushewa ba.

Sai batun gaisuwar biki, wadda na fahimci ita ta fi tsaya miki a wuya. Ki lura da abin da kalmomin suke faɗa. In kika ce wa mutum "Allah ya sa a yi biki lafiya", fata kika yi masa, ba rahoton halin da zuciyarki ke ciki kika ba shi ba. Kina so ya yi bikinsa lafiya, iyalinsa cike, babu wanda ya ragu? Na tabbata kin fi kowa so masa haka a bana, don kin san ɗacin akasinsa. To ina ƙaryar take? Idan kuma akwai wata jimla a cikin abin da aka rubuta muku da ta ƙi fita daga bakinki, ki nemi wadda za ta yi aikinta. "Sannu da haƙuri, na san kin daɗe a layi." "Na gode da kika kira, bari mu duba tare." "A sauka lafiya, a gaida gida." In aka tambaye ki ya kike, "muna nan, mun gode Allah" ta wadatar. Ki zaɓi jimloli uku ko huɗu da kika yarda da su, ki riƙe su. Ranar da kai ya yi nauyi, su za su ɗauke ki.

Yanzu ga abin da ba ki faɗa ba amma na san kina tsoronsa: kuka ya ƙwace miki a gaban mutane. A Nuwamba 1942 gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove a birnin Boston, mutum 492 suka rasu. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Erich Lindemann, ya zauna da masu rashi da dama, ciki har da dangin waɗanda gobarar ta ci, ya kuma wallafa abin da ya gani a 1944. Ya ce baƙin cikin rashi zuwa yake yi kamar igiyar ruwa, ya taso ya lafa, kowace tasowa tana ɗaukar minti ashirin zuwa awa ɗaya. Maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya yi gajere, mutum ya yi ta ajiyar zuciya, ciki ya zama kamar an yashe shi, gaɓoɓi su mutu. Fiye da shekara tamanin ke nan, kuma duk wanda ya yi rashi zai karanta wannan ya ce haka ne. Amfanin saninsa gare ki shi ne, abin da ke tasowa yana lafawa. Ba za ki iya hana shi zuwa ba, amma kina iya tanadar masa wuri.

Ga yadda nake shirya wa mutane. Ki sami abokiyar aiki ɗaya da kika amince da ita, ku yi wata alama tsakaninku, ko kalma ɗaya ko taɓa kafaɗa, wadda ke nufin "riƙe min nan na minti goma". Ki san tun yanzu inda za ki je, ɗakin ajiya ne, bayan gini ne, ko banɗaki. In kin je kada ki yi kokawa da kukan, ki bar shi ya fito, ya fi saurin wucewa a haka. Ki wanke fuska da ruwan sanyi, ki ja numfashi a hankali ki sa fitar da shi ta fi shaƙarsa tsawo, sau biyar ko shida. In a waya abin ya same ki, "ba ni minti ɗaya in duba miki" ƙofa ce da aikin kansa ya buɗe miki, ki yi amfani da ita. In kuwa hawaye ya riga ki a gaban kwastoma, kada ki ruɗe ki shiga dogon bayani. Ki ce, "Yi haƙuri, na yi rashi ne kwanan nan. Mu ci gaba." A iya abin da na gani, yawancin mutane nan take suke yin laushi, wasu su yi miki addu'a, a ƙarasa aikin cikin mutunci fiye da yadda aka fara shi.

Zai taimaka ki san abubuwan da ke taso da igiyar, don ba daga sama take faɗowa ba. Mary-Frances O'Connor, mai binciken ƙwaƙwalwar masu rashi a Jami'ar Arizona, tana bayyana makoki a matsayin wani irin koyo. Ƙwaƙwalwarki ta shekara da shekaru tana sane da cewa Mama tana nan, in ba ta kusa to tana wani wuri, ana iya kiranta. Labarin rasuwa a rana ɗaya yake shiga kunne, amma wancan sanin na shekaru sai a hankali yake gyaruwa, ta hanyar cin karo da gurbinta sau ba adadi. Lokacin biki kuwa cike yake da abubuwan da aka saba yi tare, saboda haka cin karon yake yawaita. Ke kuma wurin aikinki ya ajiye ki a tsakiyar hanyarsu: dattijuwar da muryarta ta yi kama da tata, budurwar da ta zo neman abin da za ta kai wa mahaifiyarta tana tambayar ra'ayinki, ƙamshin wani turare, waƙar da ake ta maimaitawa a lasifika tun safe. Ki zauna ki lissafa naki. Wanda za a iya kauce masa a kauce, kamar ki roƙi abokiyar aiki ta karɓi mai neman kyautar uwa. Wanda ba za a iya ba, sanin zuwansa kaɗai yana rage masa kaifi. Da yawa daga waɗanda na zauna da su sun ce kwanakin jiran ranar bikin sun fi ranar kanta azaba.

Maganar cin amana ita ta fi taɓa ni a wasiƙarki. Kin yi awa biyu kina fama da matsalar wani ba ki tuna da Mama ba, ko wani kwastoma ya yi barkwanci kin yi dariya ta gaske, sai zuciya ta ce, ashe har kin manta? A 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka bayyana yadda mai rashi ke rayuwa tsakanin ɓangare biyu. Wani lokaci yana fuskantar rashin, yana kewa yana kuka yana tuna baya. Wani lokaci yana fuskantar rayuwar da ta rage, aiki da yara da sababbin nauye-nauye. Lafiyar tana cikin kai-komon, a shiga nan a fita a shiga can, kuma hutawa daga baƙin ciki wani yanki ne na makokin kansa. Wanda ya maƙale a ɓangare ɗaya, kowanne ne, shi ake ji wa tsoro. Awannin da aiki ya ɗauke miki hankali numfashi ne zuciyarki take yi. George Bonanno da Dacher Keltner ma sun lura a 1997 cewa waɗanda suka rasa abokan aurensu, masu iya dariya ta gaske yayin da suke ba da labarin mamacin sun fi samun sauƙi daga baya.

Bari in ɗan ratse. Wataƙila wani zai kawo miki zancen matakai biyar na baƙin ciki, ƙin yarda da fushi da sauransu, har ya tambaye ki a wanne kike. Elisabeth Kübler-Ross ce ta kawo su a 1969, kuma daga hirarta da marasa lafiyar da ke jiran ajalinsu ta samo su. Daga baya ne aka yafa su a kan masu rashi, bincike kuma bai tabbatar da cewa mutane suna hawa su ɗaya bayan ɗaya kamar tsani ba. Kada ki auna kanki da su. Ranar Talata ki ji kin dangana, ranar Laraba ki tashi kamar yau aka yi rasuwar, duk daidai ne.

Ki yi magana da shugabar sashenku, kuma ki yi tun kafin cunkoso ya kai maƙura. Kuskuren da aka fi yi shi ne a je a ce "ina cikin wani hali" a tsaya nan. Shugaba ta tausaya, ta rasa abin yi, a rabu a haka. Ki je da buƙata a hannu: a ba ki izinin fita na minti goma in ta kama ba sai kin yi bayani ba, ko a mayar da ke amsa saƙonni a rubuce a ranakun da suka fi nauyi, ko a musanya miki ranar da kika san ba za ki iya ba. Ki duba takardar aikinki da ƙa'idojin ma'aikatarku, ki ga abin da suka tanada na hutun rashi da na rashin lafiya, don dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, daga ma'aikata zuwa ma'aikata. Ki kuma gaya mata ko kina so sauran abokan aiki su riƙa yi miki zancen ko su bar shi. Mutane da yawa shirunsu na tsoron fama miki ciwo ne, sai ke kuma ki ɗauka ba su damu ba.

Akwai wani abu da masu rashi ke jin kunyar faɗa, bari in faɗa a madadinki. Mutum zai tsaya yana ɗaga miki murya a kan kwalin da ya lotse, zuciyarki ta ce, ni da na rasa uwa, kai wannan ne bala'inka? Wannan tunanin yana zuwa wa kusan kowa, kuma bai mayar da ke muguwa ba. Sai dai kada ki bar shi ya riƙe linzami. Shi bai san abin da ke ranki ba, ke ma ba ki san nasa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa ihun da ake yi a kan kwali, ba kwalin ne ya jawo shi ba. Ki maimaita masa matsalarsa da bakinki don ya san kin ji, ki gaya masa mataki na gaba da lokacin da za a ɗauka, ki tsaya nan. In ya tsallaka zuwa zagi da cin mutunci, ki miƙa shi ga na sama da ke. A bana fatarki ta yi laushi, abin da da can za ki karkaɗe ki wuce yanzu zai kwana yana yi miki zafi, don haka ki riƙa miƙawa da wuri fiye da yadda kika saba.

Cikin layin nan da ke gabanki akwai irinki, kuma yanzu kina da idon ganinsu. A Disamba 2014 Facebook ya haɗa wa masu amfani da shi taƙaitaccen tarihin shekararsu cikin hotuna, da zanen mutane suna shagali a kewaye. Wani masanin tsara shafukan intanet, Eric Meyer, ya buɗe nasa ya ga fuskar 'yarsa da ta rasu a wannan shekarar a tsakiyar shagalin. Ya rubuta a kai, maganar ta yaɗu, aka ba shi haƙuri daga kamfanin. Babu wanda ya nufe shi da mugunta, an dai tsara abin ne bisa zaton kowa murna yake yi. A 2019 kuma wani kamfanin sayar da furanni a Birtaniya, Bloom & Wild, ya aika wa kwastomominsa saƙo cewa duk wanda ba ya son tallan ranar iyaye mata ya faɗa a cire shi. Dubban mutane suka amsa, wasu kamfanoni suka bi sahu. Abin da na'ura ta kasa ganewa, ke za ki gane shi daga muryar mutum a jimlarsa ta farko.

In wani ya zo rufe asusun mamaci, ko mayar da kayan da aka saya wa wanda bai kai ga amfani da su ba, ki yi masa ta'aziyya da jimla ɗaya, sannan ki sauƙaƙa masa hanya. Ki rubuta bayaninsa yadda ba sai ya sake faɗin "ya rasu" ga mutum uku ba. Ki gaya masa duk takardun da ake bukata a zama ɗaya, kada ya yi ta safa da marwa. Kada ki rufe da gaisuwar bikin da aka saba, ki ce masa Allah ya ba da haƙuri. Ki kuma yi hattara da wani tarko: za ki ji kamar ki ce "ni ma mahaifiyata ta rasu", ki buɗe naki. Wani lokaci "ni ma na san zafin" tana sanyaya rai, amma in kika zarce da labari, sai ya koma shi ke rarrashinki, alhali da nasa nauyin ya shigo. Lokacin nasa ne. Naki labarin ki kai shi inda za a karɓe shi da hannu biyu.

Wannan wurin kuwa dole ki tanade shi, don abin da aka ce masa "ba yanzu ba" tun safe yana bukatar a ce masa "to, yanzu". Ki ware lokaci bayan an tashi aiki, ko minti ashirin ne, wanda na Mama ne: addu'a, duba hotuna, kiran wanda ya san ta ku yi hirarta, ko zama shiru. An daɗe ana gaya wa masu rashi cewa warkewa ita ce yanke alaƙa da mamaci. A 1996 Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka tattara binciken da ya nuna mutane da yawa suna ci gaba da riƙe alaƙar ta wata siga, kuma hakan ba ciwo ba ne. In akwai wani hali nata na karɓar mutane da kike ƙauna, ki tafi da shi wurin aiki. Na san wadda take cewa duk tsohuwar da ta zauna a gabanta, tana yi mata yadda take so a ce an yi wa tata uwar.

Gayyata da ziyarce-ziyarcen biki, ki zaɓi wanda za ki iya ki bar saura, ki kuma gaya wa masu gidan tun farko cewa mai yiwuwa ki tashi da wuri. Barci da abinci kada ki yi wasa da su, yunwa da rashin barci suna rage wa mutum juriya fiye da yadda ake zato. Shawarar ajiye aiki kuma, in ta zo miki a tsakiyar cunkoson nan, ki ɗage ta sai ƙura ta lafa.

Game da neman taimakon ƙwararru, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa doguwar damuwar rashi a cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a Janairu 2022. Ana maganarta ne in kewa mai tsanani ta ƙi sassautawa aƙalla wata shida, ta wuce abin da al'ummar mutum ta saba gani, har tana hana shi gudanar da rayuwarsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa nata ma'aunin a wata goma sha biyu ga manya. A wata huɗu, abin da kika bayyana yana cikin abin da ake tsammani. Amma akwai alamun da ba a jira musu cikar wata: in kin fara tunanin raba kanki da duniya ko jin gara ki bi ta, in kwanaki suna wucewa ba barci ba abinci, in sai kin sha wani abu kike iya fita aiki ko runtsawa, ko in ƙirji ya riƙe ki da ciwo da ƙarancin numfashi. Na farkon da na ƙarshen, a ranar za ki nemi likita, ki kuma gaya wa wani na kusa da ke kada ki zauna da shi ke kaɗai. Ko babu ɗaya daga cikinsu, in an fita daga bukukuwan kin ga nauyin ƙaruwa yake yi maimakon ya riƙa sassautawa, ki je ki zauna da mai ba da shawara, ki tafi da wannan wasiƙar taki ki karanta masa yadda kika rubuto min ita.